Takwaranka ya fara taɓa sitiyari

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar Kumasi. Ya kasuwa, ya ruwa? Mu nan Kano sai godiya, zafi ne kawai ya sako mu gaba.

Maganar takwaranka ce ta sa na zauna rubuto maka, don a waya ba za ta ƙare ba. Tun da ya gama jarrabawar WAEC ya kafa mini ƙahon zuƙa sai na koya masa mota. Na ce ya bari ya cika 18, don ƙasa da haka ba a ba da lasisi, shi kuwa sai bayan Babbar Sallah zai cika. Uwarsa ta goya masa baya, wai ta gaji da jiran A Daidaita Sahu a rana duk ranar da za ta je biki. Ka san in aka haɗa maka kai a cikin gida, ba ka da ta cewa.

Ranar wata Asabar da sassafe na kai shi filin Idi, na zauna ina ta yi masa bayani, wannan kuloci, wannan birki, wannan totur. Yana ta cewa to, Baba. Da na ba shi wuri sai yaron nan ya ta da mota, ya saki kuloci a hankali ko tari ba ta yi ba, ya sa giya ta biyu, ya zagaye filin, ya dawo da ribas ya tsaya daidai inda muka tashi. Alhaji, sai jikina ya yi sanyi. Nan take na gane dalilin da ya sa nake tarar da kujerata a matse gaba, madubi a karkace, mai kuma yana raguwa ba dalili. Ni da nake ta zargin bakanike! Ashe duk wankin motar da yake yi mini da ladabi bayan Asuba, akwai abin da ke ƙasa. Yaran gareji ne suka koya masa.

Da a ce bai iya ba, da hankalina ya fi kwanciya, don mai tsoro yana taka birki. Hannunsa ya riga hankalinsa girma, shi ne damuwata. Titin Kano kuwa ka san shi. Tun da aka hana acaɓa a 2013 masu ƙafa uku suka cika gari, mutum ya tsaya maka a tsakiyar titi ba sigina don ya hango fasinja. Ga almajiri zai tsallako a guje, ga mai kura, ga tirela a titin Zariya da in ta ɗauko gudu ba ta san birki ba. Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne abokai da ranar ɗaurin aure, yadda samari ke jera motoci suna wasa da su, ana ihu ana ɗauka a waya. A unguwarmu bara an yi jana'izar wani yaro sa'ansa ta wannan hanya. Na je gaisuwa, uban ko magana ba ya iya yi.

Da na fara yi masa faɗa, uwarsa ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ita ce ta tuna mini da fijo 504 ta marigayi Baffa, wadda muka tura waje da dare don kada ya ji ƙara, muka ƙare a kwata bayan Ƙofar Na'isa. Kai ke riƙe da sitiyari, ni nake cewa ƙara wuta. Ban san ranar da na ba ta wannan labarin ba, amma ta adana shi.

Yanzu dai makulli a aljihuna yake kwana. Na ce in ya cika shekarun zan sa shi makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ya karɓi takardar koyo, a manna masa jan L gaba da baya, jami'an VIO masu duba motoci da direbobi su gwada shi kafin a yi zancen lasisi. Ya ce L ɗin nan abin kunya ne a gaban abokansa. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Don Allah ka kira shi ran Juma'a bayan an sauko. Yana jin maganarka fiye da tawa, ni yanzu duk abin da na faɗa tsoro ne a wurinsa. Ka ja masa kunne a kan ɗaukar abokai da taɓa waya yana tuƙi. Zancen 504 kuwa ka rufa mini asiri, kada ka soma.

Ka gaida Hajiya da yara. Goron da ka aiko ya iso, an raba har maƙwabta. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
amininka na Kano