Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: A Kawo Maganin Jarabar Ƙwaya Da Giya Asibitocinmu

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan mutanen da ƙwaya ko giya ta kama, suna son su daina amma sun kasa. Masu safara da dillalai aikin NDLEA ne, muna kuma ganin ƙoƙarinta. Shi kuwa wanda ya riga ya kamu mara lafiya ne, kuma kula da mara lafiya alhakin ma'aikatarka ne.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Najeriya. Miliyan 4.6 daga cikinsu suna shan magungunan kashe raɗaɗi dangin tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba, kuma cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Hanin ya yi amfani, sai dai bai warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba ba. Da kwalba ta yi tsada, da yawa sun koma kan ƙwayar tiramadol mai lamba 225, wadda ta haura ƙarfin 50 da 100 da doka ta amince da shi.

Me ya rage wa iyaye? Su kulle yaro a ɗaki, ko su kai shi gidan mari, ko in akwai hali su kwantar da shi asibiti na wasu makonni. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne. Ƙofar da suka tarar a buɗe ke nan.

Na taɓa zama kusa da wani matashin unguwarmu a kwanansa na biyu babu ƙwaya. Hamma yake ta yi ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, ga gumi ga rawar sanyi, cikinsa na murɗawa, yana cewa ƙasusuwansa kamar ana sassara su. Mahaifiyarsa na tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu, ta rasa ta inda za ta taimake shi. Wannan azaba takan lafa cikin mako guda ko kwana goma, sai gida ya yi hamdala a ce ya warke. A nan ne babban haɗarin yake. Ƙwaƙwalwa takan ɗauki watanni tana neman abin da ta saba, alhali jiki ya daina jure yawan da yake jurewa a da. Ranar da ya faɗa wa tsohon aboki ya haɗiyi adadin da ya saba haɗiya, numfashi na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga gidan gyaran hali ko wurin da aka tsare mutum suke cikin lokutan da aka fi mutuwa. Mu kuma sai mu ce ya kwanta barci bai tashi ba, mu rufe zancen.

Kai likita ne, ka fi ni sanin cewa akwai magani. Tun 1964 Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara jarraba metadon a birnin New York ga waɗanda hodar heroyin ta kama. Metadon da ɗan'uwansa bufurenofin suna zama a gurbin da ƙwayar take zama a ƙwaƙwalwa, amma a hankali suke aiki, suna kai yini da kwana. In likita ya daidaita awon, babu buguwa, babu azabar rashi, mutum zai iya tashi ya tafi kasuwa ko gareji. Nazarce-nazarce masu yawa sun nuna waɗanda suke kan wannan magani haɗarin mutuwarsu yana raguwa da kusan rabi, ko fiye. Da Faransa ta ba likitocin gama-gari damar rubuta bufurenofin a tsakiyar shekarun 1990, mutuwar zarce ƙima wajen ta'ammali da ƙwaya ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 cikin 'yan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa duka biyun cikin jerin muhimman magunguna tun 2005.

Kada a ce abin ƙasashe masu kuɗi ne. Tanzaniya ta buɗe sashen metadon a asibitin Muhimbili na Dar es Salaam a 2011. Kenya ta bi sahu a 2014 a asibitin Mathari na Nairobi, Senegal ma ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. Tsarin ba mai wuya ba ne: mutum ya zo da safe, a duba katinsa, a zuba masa awonsa a ɗan kofi, ya shanye a gaban ma'aikaci, ya kama gabansa. A wurin ne ake gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka, a wurin yake ganin mai ba da shawara.

Na san abin da za a ce, domin na sha jinsa a majalisar hira: wai an sauya ƙwaya da ƙwaya. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma mutanen kirki ne suke faɗar ta. Amsata ita ce a dubi mutumin bayan wata shida. Wanda a da yake tashi da tunanin inda zai samo kuɗin ƙwaya, yana ɗauke wayar ƙanwarsa, yanzu yana sallah cikin jam'i yana kawo cefane. Mai hawan jini yana shan maganinsa kullum shekara da shekaru, ba wanda ya ce masa bai da ƙarfin zuciya. Wani zai yi shekara a kan maganin, wani ya fi haka, kuma likita ne da mara lafiya za su yanke lokacin ragewa. A Malesiya, ƙasa mai rinjayen Musulmi, har a harabar masallacin Ar-Rahman na Kuala Lumpur an bayar da metadon, ana haɗawa da nasiha da karatu. Malamanmu sun san babin lalura sarai. In ma'aikatarka ta zauna da su da sarakuna tun kafin a fara, ta yi musu bayani da Hausa, ina da yaƙinin za su zama masu kare shirin. Addu'a da tuba suna nan a matsayinsu, maganin yana ba mutum natsuwar da zai tsaya a kansu.

Akwai abu biyu da ya kamata a faɗa tun yanzu. Metadon in ya fita kasuwa yana kisa, don haka dole a tsare shi da lissafi, a sha a gaban ma'aikaci. Na biyu, mafi yawan binciken duniya a kan masu heroyin aka yi shi, mu kuwa matsalarmu tiramadol ce da kodin da allurar fenta, wadda ta kama wasu masu amosanin jini da aka fara yi wa ita saboda ciwo na gaskiya. Tiramadol na da nata hali, har farfaɗiya takan jawo. Wa zai fi dacewa da bufurenofin, wa zai wadatu da ragewa a hankali? Likitocinmu na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri za su iya amsa wannan in an ba su kuɗin bincike.

Sai maganar giya, wadda kunya ta hana mu yi a Arewa. Akwai ta, daga burkutu zuwa 'yar leda da ake sayarwa a tasha. Hisba na fasa kwalabe, amma magidancin da hannunsa ke karkarwa da asuba sai ya kurɓa ba shi da inda zai je ya faɗi damuwarsa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yanke giya farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha da yawa yana iya kawo jijjiga da gigita da mutuwa. Kulle irin wannan mutum a ɗaki ganganci ne da rai. Yana buƙatar 'yan kwanaki a hannun likita, da maganin kwantar da jijiyoyi da sinadarin tayamin. Bayan nan akwai naltirekson, mai rage daɗin da ake ji a giya da kwaɗayinta, da akamfurosat, mai taimaka wa wanda ya daina ya ɗore. Ba sa bugarwa, ba a kamuwa da jarabarsu, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. Ban ga dalilin da zai sa babban asibitin ƙaramar hukuma ya rasa su ba.

Ranka ya daɗe, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba. In aka ce sai a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri kaɗai za a samu wannan magani, to mutumin Gumel ko Funtuwa ba zai samu ba, domin magani ne na kullum, kuɗin mota kaɗai ya isa ya kore shi. Ga kuma matar aure da kodin ya kama, wadda ba za ta taɓa yarda a gan ta a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa ba. Don haka nake roƙon a horar da likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna, a buɗe sashe a babban asibitin kowace jiha, da ranar mata ta daban da ma'aikata mata. A sa magungunan cikin inshorar lafiya da asusun kula da marasa galihu, a kuma tabbatar ba su yanke ba, don yankewar mako guda tana iya rushe aikin shekara. Allurar nalokson mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi ta kasance a kowane ɗakin gaggawa, har a hannun iyalan masu jinya. Wanda NDLEA ta kama da abin shansa kaɗai a samar masa hanyar zuwa asibiti, wanda kuma zai fito daga gidan gyaran hali a haɗa shi da likita kafin ranar sallamarsa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta ba waɗannan bayin Allah haƙƙin a yi musu magani cikin mutunci. Muna roƙon ma'aikatarka ta fito ta faɗa wa jama'a jihohin da za a buɗe waɗannan sassa, da watan da za a fara, da kuɗin da aka ware, domin iyaye su san inda za su dosa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka cikin girmamawa,
Wani uba daga Kano