Amsa ga Baban da ya tambaye ni yadda shuka ke gane cuta

Assalamu alaikum Baba,

Ranar taron manoma ka miƙe gaban jama'a ka ce min, shuka ba ido ba jini, ta yaya za a ce wai tana gane ƙwayar cuta har ta kare kanta? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, abin ya tsaya min a rai tun ranar.

Wallahi Baba tana ganewa. A bakin ƙwayoyin halittar ganye da saiwa akwai wasu sunadarai da ke zaman gadi. Bakteriya da yawa suna da 'yar jela da suke iyo da ita, to wani ɗan guntu na jelar nan shi mai gadin ke cafkewa, masana a Basel ta ƙasar Suwizalan suka gano mai gadin nan a 2000 suka sa masa FLS2. Ita kuwa fumfuna ana gane ta ne ta sinadarin bangon jikinta, irin wanda ke ɓawon fara. Da an cafke, ba a jimawa ƙananan ƙofofin numfashin ganyen sun rufe, bango ya ƙara kauri, saƙo ya tafi har sauran ganyayyaki su shirya.

Ita ma cutar ba ta zaune, tana tura nata sunadaran ciki don su toshe ƙararrawar, to in shukar na da mai gadi na ciki da ya san su sai ta kashe 'yan ƙwayoyinta na wurin da kanta, kamar yadda kuke share gefen gona kar wutar daji ta tsallako. Wani ɗan ɗigon ƙuna da ke tsayawa wuri ɗaya bai yaɗu ba, wani lokacin wannan ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shinkafa. Ciwon bakteriyar nan mai busar da ganye daga gefe, an samu garkuwarsa mai suna Xa21 a jikin wata shinkafar daji daga Mali, wata masaniyar cututtukan shuka, Pamela Ronald, da abokan aikinta a Amurka suka ware ta a 1995. Shi ya sa nake ta nacin zancen iri Baba, mai gadin nan gadonsa ake yi, wani irin yana da shi wani ba shi da shi.

In ka sake ganin ganye ya canza, don Allah tsinko shi ka zo mu duba tare kafin ka sayi maganin feshi.