Ciwon mahaifar da ake ce wa mai shi raki gare ta

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari. Dan Allah a ba ni fili in yi magana a kan wani ciwon mahaifa da likitoci ke kira adinomayosis, don na lura duk sanda aka tashi zancen lafiyar mata daga haihuwa sai kansar mama sai ƙarin mahaifa shikenan an rufe babi, shi kuwa wannan yana nan yana cin mata a tsaye ba mai ambatonsa.

Ga yadda abin yake. Shimfiɗar nan ta cikin mahaifa wadda ke zubewa duk wata a matsayin jinin al'ada, ita ce ke kutsawa ta shige cikin tsokar bangon mahaifar, kuma a can ɗin ma ba ta daina aikinta ba, wata na zagayowa ta yi kauri ta yi jini alhali ba ƙofar fita. Sai mahaifar ta kumbura, wata ma ta ninka girmanta biyu ko uku, mara ta yi ta murɗa kamar naƙuda, jini ya yi ta zuba da gudaji ya wuce kwana 7. Ba sabon ciwo ba ne fa, tun 1860 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya mai suna Rokitansky ya bayyana shi, amma shekara da shekaru ba a iya tabbatar da shi sai an cire mahaifar an duba ta a lab, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar ciwon matan da suka haura 40 suka gama haihuwa ne. Yanzu da sikanin da hoton MRI suka inganta sai ga shi ana ganinsa har a 'yan mata.

Ni ina cikin masu fama da shi, kuma wallahi ciwon marar ba shi ne mafi wahala ba, mafi wahala shi ne lissafi. Komai na rayuwarki sai kin auna shi da kalanda, tafiya, jarabawa, gayyatar ƙawa, intabiyu. Kina zaune a mitin a bakin-bakin kujera, kin haɗa audugar mata biyu, kin sa baƙaƙen kaya, rabin hankalinki na kan abin da oga ke faɗa rabi na kan agogo, in an tashi ki fara tattara takardu a hankali da gangan don kowa ya fita kafin ki miƙe ki leƙa kujerar. Da daddare ki shimfiɗa tawul a gado ki saita alam na tashi canji. Barci ya zama guntu-guntu, jini ya yi ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki in awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12 to tana da ƙarancin jini, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mutum jiri da haki da mantuwa da saurin fushi. To a ɗora ciwo a kai, wata bayan wata, a gaya min wace ƙwaƙwalwa ce ba za ta gaji ba? Bincike ya sha nuna cewa matan da ke fama da ciwon mara mai daɗewa sun fi saura faɗawa cutar damuwa da fargaba, kuma abin zagaye yake, ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, damuwar ta sa a fi jin ciwon.

Sai kuma maganganun mutane, wanda shi ne ya fi ci min rai. "Ai kowace mace tana yi." "Ke dai raki gare ki." "In kin haihu zai tafi." Wata ma ta ga cikinki ya ɗago saboda kumburi ta ce Allah ya raba lafiya, ke kuwa ƙila shekarunki kenan kina neman haihuwar, don ciwon nan yana da alaƙa da wahalar ɗaukar ciki da ɓari. Sai ki yi murmushi ki shige banɗaki ki yi kukanki. In an yi ta gaya wa mace ba komai ba ne har ita ma sai ta fara zargin kanta ko ita ce raguwa. Kuma kar a ce wai talauci ne ko rashin ilimi kawai, Naga Munchetty mai gabatar da shiri a BBC a Ingila ta fito a 2023 ta ce tana da shi, har gaban kwamitin majalisar ƙasar ta je ta bayyana cewa sama da shekara 30 ta yi tana fama kafin a gano sunan abin da ke damunta. Macen da miliyoyi ke saurara kenan fa, ina ga wadda ko a gidansu ba a jin maganarta.

Zaman aure ma yana taɓuwa, don da yawa suna jin zafi lokacin kwanciya, kunya ta hana su faɗa, shi kuma maigida ya ɗauka gudunsa ake, daga nan sai gaba da zargi a kan abin da likita ne ya kamata ya shiga tsakani.

Wajen aiki kuwa asara biyu ce. Akwai ranar da ba ki zo ba, akwai ranar da kin zo amma gangar jiki ce kawai a kujera, kin sha ƙwaya kina zufa kina karanta layi ɗaya sau ba adadi. Ba mai rubuta "mara lafiya" a fayil ɗinki, abin da za a riƙe shi ne ba ki da tabbas, in ƙarin girma ya zo a tsallake ki, wasu ma da kansu suke ƙin karɓar muƙami don sun san jikinsu. Malamar makaranta da nas da ke wuni a tsaye a tambaye su a ji, mai sana'ar hannu kuwa ranar da ta kwanta ba ko sisi. Japan tun 1947 dokarta ta ba da hutun al'ada, Zambiya na ba mata kwana 1 a wata, Sifaniya ta yi nata a 2023. Ni dai a ganina doka kaɗai ba ta wadatar, a Japan ɗin ma mata ƙalilan ne ke nema saboda kunya da tsoron a raina su. Shugaban da zai yarda da takardar likita ba tare da tuhuma ba, ya bari a canza shif ko a yi aiki daga gida a kwanakin tsanani, ga banɗaki mai ruwa a kusa, ya fi doka a takarda amfani nesa ba kusa ba.

Magani akwai, ba lallai sai cire mahaifa ba duk da shi ne ke raba mace da ciwon gaba ɗaya, kuma yakan lafa bayan an daina al'ada tunda sinadarin istirojin, wato homon na mata da jiki ke samarwa, ke rura shi. Akwai magungunan ciwo irin su ibufurofen, akwai tiranezamik mai rage zubar jini, akwai ƙwayoyin homon da robar mahaifa mai homon irin Mirena, akwai aikin toshe jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini. Amma dan Allah a daina haɗiyar maganin ciwo barkatai, olsa da ƙoda na nan suna jira. 'Yar'uwa ki rubuta kwanakin jininki da yawan audugar da kike canzawa da ranakun da kika kasa fita, ki kai wa likitan mata, ki nemi sikanin na ciki wanda ake yi ta gaba da awon jini, in damuwa ta yi miki yawa ki faɗa masa ita ma, ciwo ce ana maganinta.

Roƙona gare ku Edita, ku gayyato likitan mata da likitan ƙwaƙwalwa su amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya, kuma ku bari mata su aiko ba tare da sa sunansu ba, in ba haka ba ba za su turo ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wata mai karanta jaridarku