Wasiƙa daga Dakota ta Kudu: bindigar da za ka zo da ita

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ya zafin Teksas? Mu nan sanyi ya sake mu, ciyawa ta fara tsirowa.

Na ga saƙonka cewa za ka zo a watan Yuni mu fita harbin dabbar nan da Amurkawa ke kira prairie dog, kuma har ka ɗora ido a kan bindiga samfurin .22-250 Remington. Don Allah dakata, kada ka biya kuɗi tukuna.

Ka san ba kare ba ne, dangin kurege ne, kukansa mai kama da haushi ya jawo masa sunan. Nauyinsa bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba. Suna haƙa ramuka gari guda a filin kiwo, su cinye ciyawar shanu, shi ya sa masu garke ke kiran maharba. Ni ma ba na fita sai mai fili ya nemi a rage masa su, don raina bai kwanta da kashe abin da ba za a ci ba saboda nishaɗi kawai.

Ba na musun ƙarfin .22-250. Harsashinta mara nauyi yana tafiyar kusan mita 1,200 a daƙiƙa ɗaya. Amma wannan ba farautar barewa ba ce da za ka yi harbi ɗaya ka koma gida. Zama ake yi a kan tebur tun hantsi, mutum ya harba harsashi ɗari biyu ko fiye kafin la'asar. Bara na ari irinta, kafin azahar bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa, saiti ya fara kaucewa, na koma jiran ya huce. Irin wannan zafin ne ke cinye cikin bututu da wuri. Ga shurinta, duk da ba shi da yawa, yana ɗaga madubin saiti har ka kasa ganin inda harsashi ya sauka. To in ba ka gani ba, da me za ka gyara harbi na gaba?

Ka sayi .223 Remington. Harsashinta ya fi araha, babu shagon da ba ka samunsa, shurinta kaɗan ne, kuma tana kashewa nan take har zuwa mita 250 ko 300. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, ba na son dabba ta koma rami da rauni tana wahala. .204 Ruger da ta fito a 2004 ma tana da daɗin harbi, sai dai samun harsashinta ya fi wuya. Ita kuwa .17 HMR ta harbin kusa ce, da ta wuce mita 150 iska ta kwashe ta. Iskar filin nan ba ta hutawa, za ka gani da idonka.

Wajen harsashi, nemi wanda babu dalma a ciki. Gawar da muke bari shaho da gaggafa ke ci, ɓurɓushin dalma kuma guba ne a gare su. Kada ka taɓa gawar da hannu, ƙumar jikinsu tana ɗauke da cutar annoba wadda ke kama mutum. Akwai kuma wuraren da aka hana harbi a yankin Conata Basin na nan jihar saboda wata dabba mai baƙaƙen ƙafafu da ta kusa ƙarewa, wadda da cin prairie dog take rayuwa, a ramukansu take kwana. Mu gonar mai garke za mu je, da izininsa. Ka yanki lasisin farauta na baƙo ta intanet kafin ka taso.

Tebur da buhunan yashi na jingina bindiga duk ina da su. Ka taho da hula mai faɗi da abin toshe kunne. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka na Rapid City