Ma'aikatan kotun Ingila sun cancanci a tuna da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta labarin rahoton tsohon alƙali Sir Brian Leveson na watan Yulin 2025, wanda ya ba da shawarar rage shari'o'in da ake yi da masu taimaka wa alƙali a Ingila (wato mutanen gari da kotu ke kira su saurari shari'a, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin), saboda ƙararrakin da suka taru. Ni ma an taɓa kira na wannan aiki, cikin mutum 12, kuma ina ganin an manta da waɗanda ke riƙe da tsarin: ƙananan ma'aikatan kotu.

Ranar farko gabana faɗuwa yake yi. Wata ma'aikaciya, dattijuwa mai tabarau, ta tambaye ni a hankali da wane littafi zan yi rantsuwa. Da na ce Alƙur'ani, ta kawo shi a naɗe cikin kyalle, ba ta taɓa shi da hannu ba. Da azahar ta yi, ita ce ta nuna mini ɗakin da zan yi salla. Wani abokin aikinta kuma ya zauna da wata mai shago daga cikinmu har ta gama cike takardar neman kuɗin asarar aiki, wanda bai wuce fam 64.95 a rana ba. Kuɗin kam bai taka kara ya karya ba, amma halin mutanen nan ya sa babu wanda ya yi ƙorafin jira.

Shawarata ita ce, kafin gwamnati ta rage wannan tsari, ta ƙara ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, ta kyautata albashinsu, sannan ta ɗaga alawus ɗin masu amsa kiran kotu.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Birmingham