Kiɗan Baƙin Ƙarfe da Kaset-kaset Ɗin da Muke Zubarwa a Maradi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani irin kiɗa wanda yawancin masu karatu ba su taɓa jin sa ba, in kuma faɗi dalilin da ya sa labarinsa ya shafe mu a nan Maradi. Ni mai gyaran rediyo ne, kuma na yi shekaru masu yawa ina kwafar kaset ina sayarwa a rumfata, tun zamanin da samarin ƙauye ke shigowa gari ranar kasuwa da rakoda a kafaɗa an ɗinka mata riga mai ado.

A tsakiyar shekarun 1980 wani Bature ɗan Jamus da ke aikin rijiyoyi a karkara ya kawo mini rakodarsa tana cin zare. Na canza mata bel, na goge kanta da auduga, sannan na gwada ta da kaset ɗin da na tarar a ciki. Abin da ya fito shi ne bugun ƙarfe a kan ƙarfe, da gurnanin injin huda kankare, da muryar mutum yana ihu kamar daga cikin rijiya. Na ɗauka gyaran ne bai yi ba, na sake kwance ta, amma da na saka kaset ɗin wani mawaƙinmu sai na ji murya tar. Da mai ita ya dawo, ya ce mini ai haka kiɗan yake, wasu samari ne na Barlin suke yin sa da tarkacen ƙarfe. Na nemi izininsa na kwafa, na kuma yi darare ina saurare bayan na rufe rumfa, har kunnena ya fara rarrabe tsarin da ke cikin hayaniyar. A nan ne na gane cewa na san wannan sauti tun ina yaro, domin shi ne nake ji idan na ratsa ta wajen maƙera, inda guduma ke sauka a kan uwar maƙera, zuga-zugi na numfashi, injin niƙa na amsawa daga bayan katanga. Mu da iyayenmu mata ke mayar da daka ya zama lugude, mu da maƙeranmu ke da dundufa tasu ta kansu, bai kamata a ce mu ne za mu yi mamakin mutumin da ya ji kiɗa a cikin ƙarar aiki ba.

Sai bayan shekaru da yawa, da ɗana ya taya ni bincike a wayarsa, na san su wane ne. Sunan ƙungiyar Einstürzende Neubauten, wato sababbin gine-gine masu rushewa, kuma an kafa ta a 1980 a Barlin ta Yamma, lokacin da katanga ta kewaye wannan ɓangare na birnin. Makaɗinsu ya sayar da gangunansa saboda rashin kuɗi, ya haɗa wasu da ƙarafan da ya tsinto, kuma ɗaya daga cikin ayyukansu na farko sun ɗauke shi ne a cikin wani kogo da ke jikin gadar babbar hanya, suka fitar da shi a kaset. Su ma ba su ne farko ba. A Ingila wasu mutum huɗu sun kafa ƙungiyar Throbbing Gristle a 1975, suka buɗe ɗan kamfaninsu mai suna Industrial Records a 1976, kuma daga sunan kamfanin ne aka laƙaba wa wannan salo suna kiɗan masana'anta. Faifansu na farko da ya fito a 1977 kwafi 785 kawai aka buga, daga baya kuma suka tattara wasanninsu na dandali a cikin kaset fiye da ashirin suka sayar a cikin jaka guda. A Sheffield, garin sarrafa ƙarfe, wasu samari uku da suka kira kansu Cabaret Voltaire sun fara tun 1973 a ɗakin sama na gidan ɗayansu, suna yanka zare suna haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe, don sauti ɗaya ya yi ta maimaita kansa kamar injin da aka bari a kunne. Zamani ne na yajin aiki da rufe masana'antu da zaman kashe wando a Ingila, kuma waɗannan matasa sun ga cewa waƙoƙin soyayya da ake sa musu a rediyo ba su faɗin gaskiyar garuruwan da suke zaune a ciki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na mai sana'ar, shi ne rawar da kaset ya taka. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, ya kuma bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa, shi ya sa ya cika duniya da araha. Faifan garmaho sai an je masana'anta an biya kuɗin ɗaruruwan kwafi a dunƙule, amma kaset kana iya yin guda ɗaya yau, ka yi uku gobe idan an nema. Da kamfanin TEAC ya fito da wata ƙaramar na'ura mai suna Portastudio a 1979, wadda ke ba mutum damar ɗora sauti huɗu a kan juna a cikin kaset guda, sai ɗakin kwana ya zama ɗakin ɗaukar sauti. Mutum zai yi kiɗansa, ya kwafi ashirin ko hamsin, ya zana bango da hannunsa ya kai a yi masa fotokofi, sannan ya aika ta gidan waya zuwa adireshin da ya gani a wata 'yar mujalla ta bayan fage, wancan kuma ya mayar masa da nasa. Da haka ne Masami Akita na Japan, wanda aka sani da Merzbow, ya fara yaɗa ayyukansa daga 1979, har suka kai Turai da Amurka ba tare da wani babban kamfani ko gidan rediyo ya sa hannu ba.

Ba ina cewa duk abin da suka yi abin yabo ne ba. Wasunsu sun yi amfani da hotunan kisa da batsa da alamomin azzalumai don su girgiza jama'a, har wani ɗan majalisar Birtaniya, Nicholas Fairbairn, ya kira mutanen Throbbing Gristle masu rusa wayewa a 1976. Wannan ɓangare ba ya cikin tarbiyyarmu, kuma ba zan sa wa jikokina shi ba. Abin da nake girmamawa shi ne ƙarfin halin talaka da ya ce kayan da ke hannunsa sun ishe shi ya bar sautin zamaninsa.

Kuma kada wani ya ce wannan harka ta Turawa ce kaɗai. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar sauti mai amfani da siririyar waya, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, sannan ya sarrafa sautin a gidan rediyo har ya zama wani abu dabam. Ya riga Pierre Schaeffer na Faransa da shekara huɗu, shi da aka fi ambata saboda abin da ya haɗa da ƙarar jiragen ƙasa a 1948. A nan gida Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, aka fitar da shi a kaset 'yan kaɗan. Mun yi shekaru muna jin wannan sauti tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin, da yawanmu ba mu san mai shi ba, sai da wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 sannan duniya ta waiwayo. Haka kuma waƙoƙin jita na Abzinawa sun yi ta yawo hannu da hannu a kaset a lokacin tawayen shekarun 1990, sa'ad da mallakar su ma abin tsoro ne.

Ga inda zuciyata ke ciwo, ya Edita. Waɗancan kaset-kaset na Barlin da Sheffield da Tokyo, waɗanda aka yi hamsin-hamsin a ɗakin kwana, yau ɗana yana samo su a intanet cikin minti ɗaya, domin an sami masu ajiya da suka adana su, suka rubuta sunan mai yi da shekara, suka juye su a kwamfuta. Namu fa? Ta rumfata kaɗai abin da ya wuce ba ya ƙirguwa: kiɗan garaya da goge da aka ɗauka a tsakar gida da dare, kirarin 'yan kokawa da kalangun 'yan dambe, waƙoƙin ƙwarya na bikin aure, wasan 'yan kama, tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da saƙonnin murya da 'yan ci-rani ke aiko wa iyayensu daga Ikko da Abijan da Libiya. Akwai wasu samari biyu a unguwarmu da suke ajiye rakoda biyu baki da baki, su ɗauki ƙarar injin niƙa da kiran masu talla, su ɗora waƙarsu a kai, su sake juyewa har sautin ya dushe ya zama kamar iskar hunturu. Ba su taɓa jin labarin Ingila ba, amma abin da suke yi ke nan, kuma mutane na yi musu kallon marasa aikin yi. Yawancin irin waɗannan kwafi ɗaya ne tak a duniya. Da katin memori ya shigo, sai aka tura kaset cikin buhu aka jefa a zaure ko bisa rufin kwano, zafin bazara ya lanƙwasa roba, damina ta sa zaren ya yi fumfuna, gara ta cinye takardar da ke ɗauke da sunan mawaƙi. Da kaka na wuce wata gona a hanyar Madarumfa na ga an zare zaren kaset an ɗaɗɗaura a kan karan dawa yana walƙiya don korar tsuntsaye, na tsaya ina tunanin muryar wane ce iska ke kaɗawa a wurin.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi, da cibiyar CELHTO ta adana al'adun baka da ke Yamai, da gidajen rediyonmu masu zaman kansu, su haɗa hannu a buɗe wurin karɓar tsofaffin kaset. Aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa. Rakoda mai lafiya ce, da igiyar haɗi, da kwamfuta, da ɗalibi mai haƙuri wanda zai zauna da mai kaset ya rubuta wane ne ya yi, a ina, a wace shekara, ya kuma nemi yardar iyalin kafin a yaɗa, tun da wasu saƙonnin sirrin gida ne. Kaset mai minti 90 sai an ba shi minti 90 ɗinsa, don haka jinkiri ba namu ba ne, kuma mu da muka san yadda ake buɗe kaset a liƙa zaren da ya tsinke, a maye ɗan audugar da ke danne shi, muna ta raguwa. Kafin a kai ga haka, ina roƙon duk mai buhun kaset a gida ya sauko da shi daga rufi, ya jera su a tsaye cikin akwati a ɗaki mai inuwa, nesa da lasifika domin maganaɗisunta yana goge sauti, kuma kada ya saka su a rakodar da ba a gyara ba.

Ni ina da kaset wajen ɗari huɗu a akwatuna uku, har da na Bajamushen nan da guda biyu na samarin unguwarmu, kuma ina da rakoda biyu da na ci gaba da kula da su. Duk ranar da aka buɗe wurin, zan kai su da kaina, in kuma koya wa ɗaliban da aka ba aikin yadda ake liƙa zare ba tare da an taɓa fuskarsa da yatsa ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon mai gyaran rediyo,
Unguwar Zariya, Maradi.