A Ba Zanen Tawada na Japan Fili

Edita, assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a Argungu, ina roƙon ku ba zanen tawada na Japan fili a shafinku na al'adu.

Baƙar tawada ce kawai, ta kunkunniya da danƙon fata, kusan yadda muke haɗa gawayi da ƙaro. Amma da ita za a fito da duwatsu, kogi, har hazo a kan siliki. Ƙyallen yana shanye tawada, layi in ya karkace ba gyara. Sesshu, gwaninsu da ya rasu a 1506, har ƙasar Sin ya je neman ilimin. Rataye zanen ake yi. Yanayi ya sauya, a naɗe shi cikin akwati, a ɗauko wani.

Ɗalibaina sun ɗauka sai da fenti mai tsada ake zane, abin yana damuna. Don Allah ku buga musu hotunan.

Naku,
Malamin zane, Argungu, Jihar Kebbi